Layin da Yaya Ya Goge

A makon nan Auta ta tsani yayanta, tsana ta gaske, irin wadda ke hana loma wucewa.

Tun da mahaifinsu ya rasu ya bar musu wurin kafinta, ita ce ta zauna ta rubuta manhajar da ke sarrafa injin yankan katako. Kowace ƙofa da kowane kabad suna da ɗan fayil ɗinsu na umarni: yanka nan, huda can, juya. Ita kwamfuta ba ta jin wannan yaren. Layin farko na fayil take dubawa, wanda ya fara da #!, ta ga inda aka ce mai fassara yake, sai ta ɗauki fayil ɗin sukutum ta miƙa masa. Mai fassarar kuwa manhajar Auta ce, kuma sunan da Baba ke kiranta da shi ta raɗa mata. Don haka duk fayil ɗin da ka buɗe, da "auta" zai tare ka.

Shi Yaya gwanin saka kwat ne da tarbar baƙi. Ya ɗan taɓa karatun kwamfuta, daidai wanda zai jefa mutum a rami. Da wani mai otal ya ce zai zo ya ga injin kafin ya ba su aikin ƙofofi, a gaban idonta Yaya ya ce masa a waya, "Ai duk tsarin ni na gina shi, ranka ya daɗe. Ƙanwata tana ɗan taya ni buga rubutu."

Buga rubutu! Ita da ta yi watanni tana shaƙar garin katako a gindin injin nan.

Ana gobe baƙon zai zo, Yaya ya mamaye kujerarta ya buɗe wani fayil. Ya yamutsa fuska.

"Wai ke, wannan sunan naki da kika bi kika manna ko'ina fa? Sai ka ce allon talla."

"Haka ake rubutawa, Yaya."

"Kar ki koya mini aiki. Duk layin da ya fara da alamar # ɗin nan bayani ne kawai, tsallake shi ake yi. Goge su zan yi."

Da gaskiyarsa a kan kowane layi, ban da na farko. Maganar ta zo mata har baki, ta mayar da abarta. Ta tsaya a bayansa tana kallo ya share sunanta daga fayilolin duka, har shayi ta haɗa masa.

Washegari mai otal ya iso. Aka ɗora katako, Yaya ya gyara wuyan kwat, ya danna fayil ɗin ƙofa. Injin ko tari bai yi ba. Kwamfuta ta duba layin farko ba ta ga wanda za ta miƙa wa ba, sai ta ba wa mai karɓar umarninta na yau da kullum, wanda bai san "yanka" ba balle "huda". Babban allon kwamfuta da ke jikin bango ya cika da ƙorafi. Yaya ya gwada na kabad, haka. Gumi ya jiƙa masa riga.

Ya matso kusa da ita, murya ƙasa-ƙasa. "Auta, don darajar Baba."

"Ni ai buga rubutu na iya, Yaya."

"Ki rufa mini asiri."

Ta dube shi, ba ta ji ko ɗigon tausayi ba. Daɗi ta ji, har cikin ƙashinta.

"Abin da ka goge za ka mayar," ta ce da ƙarfi, yadda baƙon zai ji. "Da hannunka. Zauna in faɗa maka."

Ya zauna. Tana faɗa yana bugawa, harafi bayan harafi, suna fitowa manya-manya a allon bango. Yana kai ƙarshe ya danna, injin ya yi gurnani, ya kama katakon ya shiga fitar da ƙofa kamar ba shi ya yi yajin aiki ba.

Mai otal ya sauke tabarau, ya karanta layin a hankali. Ya juyo wajen Yaya.

"Wannan Autar da injin ba ya motsi sai an kira ta, wace ce?"

Auta ta harɗe hannu ta jingina da bango. Ba ita aka tambaya ba, kuma ba ta da niyyar taya kowa amsa.