Bido Takwas

Shekarar da fara ta sauka a gonakin arewacin Mayahi, aka kawo wani ƙaramin jirgin feshi aka ajiye a filin Tasawa. Mai gadin filin, Isma'ila, kawun Rufaida ne, kuma ita ke kai masa koko kowace safiya tun da aka yi hutu. Saura mata shekara guda ta rubuta bak, jarrabawar gama sakandare. A gida kowa ya san abin da ke ranta: tana son ta tuƙa jirgin fasinja, irin wanda ke kwasar alhazai. Abin da ke tsorata ta lissafi ne, don mushensu, wato malaminsu, ya taɓa cewa a aji duk wanda ba gwani ba ne a lissafi ya cire ransa daga sama.

Matuƙin jirgin, Malam Gazali, dattijo ne mai furfura. An ce ya yi shekara ashirin yana ɗaukar fasinja kafin ya koma feshi. Kwana huɗu tana kai koko tana kallonsa daga nesa. A na biyar ta yi ƙarfin hali ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ina da tambaya."

"Mi kike son sani, ɗiyata?"

"Lissafi nawa mutum zai iya kafin ya zama matuƙi?"

Ya yi dariya. "Wanda ake koya maku a makarantarku ta lise ya isa, har ya yi yawa. Tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa. Wahalar ita ce ki yi shi da ka, da sauri, hankalinki a tashe. Zo in gwada ki."

Ya nuna mata makanikensa Muzammil, wani ƙaƙƙarfan mutum da ke tsaye kan tsani yana juye mai cikin fiffike. Famfon tano, wato gangar mai, ya lalace, don haka da bido ake ɗibar man, irin jarkar robar da ake ɗaukar ruwa.

"Tankin babu kome jiya, mun wanke shi. Bido takwas zai zuba, kowane litir ashirin da biyar. Nawa ke nan?"

"Ɗari biyu."

"Jirgin nan yana shan sittin a awa."

"Awa uku da minti ashirin."

"Madalla. Aikina na yau awa uku ne. In na tashi bakwai, goma ina nan, da ɗan saura a tanki. Kin ga duk lissafin ke nan."

"Ba allurar da ke nuna mai, Baba?"

"Akwai. Ta daɗe tana yi mani ƙarya, na daina sauraronta."

Ya hau jirgin ya rufe ƙofa. Garin ya yi lumshi, babu ko iska, gajimare ya yi ƙasa ƙasa ta gabas. Muzammil ya jera bidon da ya juye a gindin itacen bedi. Rufaida ta ɗauki ɗaya za ta zauna a kai, sai hannunta ya ji wani abu. Tun tana ƙarama take ɗaukar bido daga famfo, ta san girman na ashirin da biyar kamar yadda ta san tabarmarta. Wannan bai kai ba. Ta kifa shi. A gindinsa an buga lamba cikin roba: 20.

Ta duba na biyu, ta duba na uku. Duk haka.

Injin ya riga ya kama, ƙararsa ta cika filin. Ta matsa kusa da kawunta.

"Kawu, bidon nan na ashirin ne."

"To, sai mi?"

"Man bai kai yadda suke zato ba."

Isma'ila ya harare ta. "Ke Rufaida! Mutanen da suka tsufa cikin aikin nan za ki koya wa? Don ya yi maki wasa? Yi shiru kada ki ja mani."

Ta ja da baya. Jirgin ya juya, ya gudu bisa jar ƙasa, ya ɗaga. Ta kalli wayarta: bakwai daidai.

Ba ta tafi gida ba. Ta zauna gindin bedin, lissafin yana ta maimaita kansa a kanta ba da sonta ba. Takwas sau ashirin, ɗari da sittin. A raba da sittin, awa biyu da minti arba'in. Tara da arba'in. Ta sake yi ko za ta samu kuskure, ba ta samu ba. Ta ce a ranta wataƙila akwai abin da manya suka sani wanda ita ba ta sani ba. Kokon kawunta ya huce a kwano, ƙudaje suka rufe marfin.

Ƙarfe takwas ta kasa jurewa. Ta ɗauki bido ɗaya ta wuce kawunta, ta je inda Muzammil ke shan shayi a inuwar mota, ta kifa shi gabansa.

Ya dubi lambar. Ya ajiye kofin a hankali. Ya tashi ya je ya kifa sauran bakwai ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dawo da gudu ya fizgo rediyon motar.

Ya kira, ya kira. Babu abin da ke fitowa sai shuuu. Ya ce in jirgin yana ƙasa ƙasa yana feshi, tuddan yashi kan tare magana. Ya hau kan motar ya ɗaga rediyon sama. Takwas da rabi ta wuce. Tara ta yi. Isma'ila ya ciro carbi. Gajimaren gabas ya ƙara duhu amma ko ɗigo bai sauko ba. Rigar Muzammil ta jiƙe sharkaf, muryarsa ta dishe.

Tara da minti talatin da uku, muryar Malam Gazali ta fito, a natse.

"Ina jinka. Saura mani gona biyu."

"Malam, bar su! Bidon na ashirin ne, ba ashirin da biyar ba. Duka takwas ɗin."

Rufaida ta matso kusa da rediyon.

"Minti bakwai ke nan," in ji Malam Gazali. "Tsakanina da ku sha biyar. Zan hau sama in nemi fili."

Daga nan ba su ƙara jin muryarsa ba. Tara da arba'in ta yi, ta wuce. Su ukun suna tsaye suna kallon yamma, babu abin da ke motsi a sararin sai shirwa guda.

Sai bayan azahar labari ya zo. Injin ya mutu kusa da Kanan Bakashe. Malam Gazali ya saukar da jirgin cikin gonar wake, ƙafar gaba ta nutse a yashi, jirgin ya kife. Manoma suka fasa gilashi suka jawo shi, suka ɗora shi kan amalanken jaki har bakin hanya. Yana da rai, amma ƙashin bayansa ya taɓu, likita ya ce ba a san ko zai sake taka ƙasa ba.

Bayan kwana uku wasu mutum biyu suka zo daga Yamai bincike. Kafin a kira ta, Isma'ila ya ja ta gefe.

"In sun tambaye ki, bayan ya tashi kika gani. Kin ji ko? Ina da iyali, Rufaida."

Aka shigar da ita ofis. Babbansu ya buɗe kaye, wato littafin rubutu, ya cire marfin biki, alƙalaminsa, ya tambayi sunanta da ajinta. Sannan ya ce, "Ƙarfe nawa kika gane bidon na ashirin ne?"

Ta taga tana hango kawunta tsaye cikin rana, hularsa a hannu.

"Bakwai saura minti uku," ta ce. "Yana ƙasa bai tashi ba."

"Kin gaya wa wani?"

Mutumin bai matsa mata ba, ya riƙe bikin yana jira.

"Na gaya wa kawuna."

Ya rubuta. Ya juya ga abokinsa ya ce a shigo da mai gadi.