Kafin Jirgin Ya Sauka

Da sassafe Yaya ya kira ni daga filin jirgin saman ƙasar da yake aiki. Ya ce sun fara shiga. Jirgin ba ya yada zango ko'ina, awa tara zai yi a sama, rabin tafiyar a kan teku.

"Ki ce wa Inna ta jira ni," in ji shi.

"Yaushe Inna ta taɓa jiran wani?" na ce, don mu yi dariya. Ba wanda ya yi.

Mahaifiyarmu ta kwana biyu ba ta magana. Likita ya ce a bar ta a gida, a kira 'ya'yanta.

Wajen azahar ina kicin ina ɗora ruwan zafi sai na ji muryarta. Faɗa take yi, irin wanda take yi wa Yaya idan ya rame. Na leƙa ɗakin. Ga mutum zaune a bakin gadon, ya ba ni baya, sanye da rigar sanyi mai kauri, yana riƙe da hannunta. Ƙeyar Yaya ce, ko a cikin kasuwa ba za ta ɓace mini ba. Ɗakin ya yi sanyi ƙalau, kuma akwai wani gurnani ƙasa-ƙasa kamar na inji, alhali ko fanka ba a kunna ba.

Na duba wayata. Taswira ta nuna ɗan jirgin a tsakiyar shuɗin ruwa.

"Yaya?"

Ya juyo. Idanunsa a rufe suke.

"Auta, kawo mata ruwa."

Ƙafafuna ne suka kai ni, ba ni ba. Da na dawo da kofin, Inna ce kaɗai a ɗakin. Ta cika. Bakin katifar yana tasowa a hankali.

Da la'asar sakaliya ni da maigidana muka je tarbarsa. Jirgin ya sauka kan lokaci. Fasinjoji suka gama fitowa, sannan wata ma'aikaciya ta turo Yaya a keken marasa lafiya. Ta ce barci ya ɗauke shi a sama, suka yi ta jijjiga shi bai motsa ba, har aka yi cigiyar likita cikin fasinjoji. Can kuma ya farka da kansa yana kuka.

A mota na rasa ta inda zan fara. Yaya yana kujerar baya, ya jingina kansa da gilashi.

"Ba sai kin faɗa ba, Auta," ya ce. "Kin daɗe wajen ɗebo ruwan."

Maigidana ya gangara gefen titi ya kashe motar. Tun da rana na riga na gaya masa abin da na gani, ya ce gajiya ce.

Bayan an yi sadakar bakwai Yaya ya aika wa wurin aikinsa cewa ya bar aikin. Kayansa ma wani abokinsa ne ya haɗa ya aiko.