Hilje Ta Ce Gara Ya Leƙo

Geeske tana kan tsani da allon talla a hannu lokacin da manajan kantin ya ce mata kalmar ta yi kaɗan.

Allon na takardar banɗaki ne, an rubuta masa GAGARUMI da jan fenti. Ruben, manajan, ya ce ai gagarumi taliya suka ba a makon jiya, ƙasaitacce yana kan sabulun wanke-wanke, dodo kuma yana kan cuku. Wata shida ke nan da aka turo shi daga birnin Rotterdam zuwa wannan ƙauye na arewacin lardin Groningen, kuma tun zuwansa babu abin da ya rage madaidaici a kantin. Kofin kofi mafi ƙanƙanta ma sunansa Babba.

"Nemo mana wadda ta fi dodo, Gees. Ke ce mai kai a nan."

"Abin goge ɗuwawu ne fa, Ruben."

"To, ɗuwawun ma ya san ya samu gata."

Sai wayarta ta yi ƙara a aljihu. Mahaifiyarta ce, Hilje, wadda ke riƙe mata Fenna, 'yarta mai wata tara, duk ranar Talata.

"Yarinyar nan ba ta cika son kwalbarta yau ba," in ji Hilje. "In kin samu sarari."

Geeske ta sauko, ta miƙa wa Ruben allon, ta cire rigar aiki. Ya biyo ta har ƙofa yana tambaya ko wani abu ne. Ta ce yarinya ce ba ta sha madara ba. Ya tsaya yana kallonta, ya rasa abin da ke cikin wannan da zai sa a bar aiki ƙarfe goma na safe.

Shi bai san Hilje ba. Ranar da ƙasa ta girgiza ta tsaga bangon kicin, cewa ta yi kofuna sun ɗan yi surutu. Ranar da mahaifin Geeske ya faɗi a gonar dankali bai sake tashi ba, cewa ta yi yau babanki ba zai ci abincin rana ba. Kuma a shekara shida ba ta taɓa kiran 'yarta a bakin aiki ba.

Ta hau kekenta, iska na tura shi baya, amma cikin minti tara ta isa gida. Fenna tana kwance a cinyar kakarta, ba ta kuka, kuma rashin kukan ne ya fi tsorata Geeske. Ta ɗaga mata riga. Duk numfashi ɗaya, fatar tsakanin haƙarƙari sai ta lotsa ciki. Ta duba agogo ta ƙirga, sittin da takwas a minti. Ta taɓa ƙunzugun, a bushe yake tun na safe.

A garinsu likitan gida ake fara nema, ba a tara wa unguwa motar asibiti haka kawai. Ta buga waya ɗakin shan maganin likitansu. Wadda ta ɗauka sabuwa ce, Priscilla, ita ma daga yammacin ƙasar ta zo kamar Ruben. Geeske ta ce mata yarinyarta ba ta yi daidai ba. Priscilla ta ce mura ce ke yawo, yara goma sha ɗaya aka kira a kansu tun safe, a ba ta farasitamol, akwai gurbi jibi da yamma.

Geeske ta gane kuskurenta. Wannan ba 'yar gari ba ce, da manyan kalmomi ake mata magana. Ta ja numfashi ta zuba su. Ta ce abin ya yi matuƙar tsanani, ta ce mummunan hali ne, ta ce gagarumar matsala ce. Tana faɗa tana jin su a bakinta kamar tana karanto allunan kanti. Ko minti ɗayan da ta ƙirga ba ta tuna ta ambata ba.

"Na fahimta, ƙwarai," in ji Priscilla cikin ladabi. Ta ce duk iyayen da suka kira yau haka suka ce, wata ma cewa ta yi ɗanta yana bakin mutuwa, da aka kawo shi yana cin biskit. In ya ƙaru, a sake kira.

Hilje ta miƙo hannu. Geeske ta ba ta wayar.

"'Yan mata, Likita Wieringa yana ciki? To. Leƙa ki ce masa Hilje Bolhuis ta ce gara ya leƙo."

"Hajiya..." ba haka Priscilla ta ce ba, amma irin wannan lallashin ta fara, tana cewa likita yana da mutum a gabansa.

"Ina jira," in ji Hilje.

Aka ajiye wayar a kan tebur can. Suna jin takun ƙafa, da buɗe ƙofa, sannan muryar tsohon daga nesa yana tambaya, wa ya ce? Hilje da kanta? Shekara talatin yana duba gidan nan. Sau ɗaya Hilje ta taɓa neman ya leƙo, kuma ranar ya iske ta da karyayyen ƙugu tana fere dankali.

Ya iso ba ko rigar sanyi, ya riga ya kira motar asibiti daga hanya. Ya ɗora abin saurare a bayan Fenna, bai daɗe ba ya cire. Geeske ta riga ta haɗa jaka: ƙunzugu shida, katin rigakafi, da zomon tsumman da yarinyar ke tsotsar kunnensa.

Wajen ƙarfe huɗu, a asibitin birni, Fenna tana barci da siririn bututun iska a hanci. Likitar yara ta ce ƙwayar cutar mura ce ta toshe ƙananan hanyoyin huhu, za ta kwana uku ko huɗu, amma za ta tashi. Ta ce da an jira jibi... ba ta ƙarasa ba, ta gyara bargon. Hilje, daga kujerarta a gefe, ta ce Wieringa dai ya tsufa amma har yanzu yana da ɗan amfani.

Geeske ta sake ƙirga numfashin. Arba'in da huɗu.

Saƙon Ruben ya shigo. Ya ji labari, ya ce wannan bala'i ne mai girgiza zuciya, ya ce yana tare da ita dubu bisa ɗari, ya ce ita jaruma ce ta duniya. A ƙasa ya ƙara da cewa in kalmar nan ta faɗo mata, ta turo, don gobe za a buga allon. Ta kife wayar a gefen gado.

Da wayar ta sake ƙara, Harm ne, mijinta, daga can cikin teku inda suke gyaran injinan iska masu ba da lantarki. Sai yanzu saƙo ya riske shi. Iska na kaɗawa a bayansa, da kyar take jin sa.

"Yaya take?"

Geeske ta dubi ƙirjin yarinyar yana hawa yana sauka a hankali, ta dubi ɗan yatsan da ya riƙe kunnen zomon.

"Ba laifi," ta ce.

Harm ɗan gari ne, ya san ba laifi a bakinsu albishir ne. Ta ji ya zauna a kan wani abu na ƙarfe, sannan ta ji ƙaton mutumin nan yana kuka. Ta riƙe wayar a kunne, ta bar shi ya gama.