Dokin Laka na Inna Hindu

"Ɗaga mata kai kaɗan," in ji Asma'u, tana tura matashi a bayan Inna Hindu. Baƙuwar yarinyar ta tallabo tsohuwar.

Mako uku ke nan Inna ba ta leƙa tsakar gida ba. Asma'u, wadda katanga ɗaya ta raba su a unguwar Jega Firchin, ita ke jinyarta. Inna maginiyar tukwane ce, amma da dawakan laka aka san ta, 'yan ƙanana da take gina wa yara da ragowar yumɓu. Da idonta ya tafi ta daina gini, sai masu tara kayan tarihi suka shiga neman dawakan, jabu kuma ya cika kasuwa. Akan kawo mata doki ta shafa, ta faɗi ko nata ne.

Yarinyar, Khairiyya, da hantsi ta iso daga Farakwai, kawunta na jira a zaure. Ta ce ita 'yar Shafi'u ce, ɗan Inna tilo, wanda ya bi motar albasa shekara ashirin da shida da suka wuce, ko gaisuwa bai taɓa aikowa ba. Bara ya rasu. Akwai hotonsa a wayarta, amma Inna ba ta gani, Asma'u kuwa bayan tafiyarsa aka kawo ta unguwar.

Khairiyya ta kwance bakin mayafinta, ta fito da wani jan dokin laka, ta ɗora a tafin tsohuwar.

"Baba ya ce dokin Innarsa ne. Ya ce in na kawo, za ki gane."

Inna ta bi shi da yatsu tun daga baki har wutsiya. Ta ƙwanƙwasa shi da farce kusa da kunnenta, ta shinshina.

"Wanga ba hannuna ba ne."

Khairiyya ta sunkuyar da kai. Asma'u ta dubi ƙafafun yarinyar da suka kumbura don zaman mota, ta ji kamar ta toshe wa tsohuwar baki.

"Inna, ki sake dubawa dai."

"Asma'u, kin taɓa ji na yi ma doki ƙarya? Yumɓun ga ba na gulbinmu ba ne, yashi ya yi mishi yawa. Gashin ma bai ji ba."

Amma ba ta miƙa shi ba. Babban yatsanta ya koma ƙarƙashin cikin dokin, inda take jan layi uku da tsinke a duk nata, ya tsaya a can.

"Layin na nan," ta ce a hankali. "Sai dai a karkace suke. Bahago ya ja su." Ta lalubo kunnen. "Ga shi kuma a lanƙwashe. Mutum guda ke lanƙwashe kunne haka. Sau nawa na buge mishi hannu, bai bari ba."



"Shi ya gina shi, can inda ya tahi," in ji Inna. "Ashe bai mance ba."

"Da hagu yake shan shayi in ba baƙi," in ji Khairiyya.

Inna ta yi dariya har tari ya turnuƙe ta, sai da Asma'u ta ba ta ruwa.

"Taho nan, jikanyata. Mi ya hana shi zuwa?"

"Kunya, Kaka. Kullum cewa yake sai ya samu abin riƙowa."

"Wawa," in ji Inna, tana shafa fuskar yarinyar, hawaye na bin kunnenta.

Kwana huɗu Inna ta ƙara. Tambaya take ta yi, ko Shafi'u ya yi furfura, ko har ya girma yana tsoron kare, wa ya yi masa wankan gawa. Ran Alhamis ta sa Asma'u ta karɓo curin yumɓu a gidan wata maginiya. Ta kama hannun Khairiyya ta ɗora a kai, ta nuna mata yadda ake jawo wuya. Kafin su kai ga ƙafafu ta gaji.

"Ruhe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Mu ida gobe."

Washegari, ana kiran sallar Juma'a, Asma'u na yi mata fifita, ta ga ƙirjin ya daina ɗagawa. Ta ajiye mafici, ta shafe mata ido, ta yi salati, sannan ta kira yarinyar.

Bayan La'asar maza suka dawo daga maƙabarta, mata suka cika tsakar gida. Asma'u ta shiga ɗaki ɗauko tabarma, ta tarar da Khairiyya durƙushe a bayan ƙofa da moɗa a hannu, tana yayyafa wa tsumman ruwa da yatsu.