Ƙofar da Orest Ya Manta

Sati guda na yi ina neman inda Orest Hrycyk, dattijon ma'aikacinmu, ya ajiye dokokin katangar tsaron sabarmu, babbar kwamfutar da ke riƙe da duk harkar ƙungiyar manoma ta garin Yorkton. Da na gano fayil ɗin, sai da raina ya ɓaci. Ƙofofi ne rututu a buɗe a jikin katangar, kowacce da lambar mai izinin shiga, amma babu suna, babu bayani. Orest a kansa yake ajiye komai, ga shi kan nan ya fara yi masa gardama.

Shugabarmu, Misis Lavallee, ba ta ɓoye mini ba. In ya iya faɗin mai kowace ƙofa, zai ci gaba da aiki. In ya kasa, ritaya ta zo. Kafin nan ta ba shi hutu, ta ce ya zauna a gida.

Na same shi a kicin ɗin gidansa da kofi da donat. Ina karanto lamba yana amsawa: wannan ta rumbun alkama na garin Melville ce, wannan ta mai gyaran sikeli, waccan ta akanta. Har da tsokana, wai yaran yanzu sai an rubuta mana sunanmu a goshi. Daɗi ya kama ni sosai. Sai muka zo kan wata lamba. Ya sa na maimaita, ya motsa leɓe, ya kalli taga.

"Rufe ta, yarinya," ya ce. "Mai ita zai yi kuka, sai mu san shi."

Haka muke yi a sana'armu, shi ma ya koya mini. Na koma ofis na rufe, ina fatan wani manomi ya kira da zagi, in ce wa Misis Lavallee ai guda ɗaya ce tak ta kuɓuce masa, kuma ga mai ita.

Washegari da safe waya ta yi ƙara. Orest ne. Ya ce tun da aka kafa sabar nan, kullum kafin ya karya sai ya leƙa ta daga gida ya ga lafiyarta, yau kuwa ta ƙi shi.

"Marnie, wani ya rufe ni a waje. Duba mini ko wane ne."

Misis Lavallee na tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai. Na dubi lambar da na rufe jiya, ashe ta gidansa ce, tausayi ya cika ni.

"Ina dubawa, dattijo," na ce. "Sha kofinka tukuna."