Sunan 'Yar Fari

Tun ranar da aka kawo wa Asta sammaci abinci ya daina shiga cikinta. Tana suyar awara a bakin layinsu a unguwar Kagarawal da ke Gombe, amma hankalinta na kotu, har sai da ta ƙona kasko guda ba ta sani ba. Tsohon mijinta Abdulrasheed ne ya kai ƙara. Yana so a ƙwace 'yarsu Ikhlas a ba shi, wai uwar ba ta damu da ita ba.

Asta ba ta taɓa taka ko ƙofar caji ofis ba, balle kotu. Maƙwabciyarta Ladi, wadda ita ma iyakar saninta abin da take ji a rediyo, ta zaunar da ita ta yi mata karatu: "Kada ki haɗa ido da alƙali. Kada ki yi ja-in-ja. Mai ladabi ake tausaya wa a can." Asta ta riƙe wannan gam, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ranar zama ta yi wa yarinyar sabon kitso, suka tafi tare da kawun Asta. Kotu cike maƙil, ba wuta, kowa na fifita da abin da ya samu. Da aka kira su, ta tashi ta matsa gaban alƙali.

"Allah ya gafarta malam," in ji Abdulrasheed, "matar nan ko sunan yarinyar ba ta kira. Ba a taɓa ganin ta rungume ta ba. A tambaye ta."

Gaskiya ya faɗa, amma irin gaskiyar da ta fi ƙarya mugunta. Ya san Asta Bafulatana ce, Ikhlas kuwa 'yar fari. A gidan da ta tashi uwa ba ta ambatar sunan ɗan fari, ba ta nuna tana sonsa a gaban mutane, sai dai ta hana cikinta ta ba shi. Duk wanda ya girma a Gombe ya san haka, har shi alƙalin.

"Ke, ya sunan 'yarki?" alƙali ya tambaya, idonsa na kan agogo.

Sunan ya zo har bakinta ya tsaya. Ga kawunta a bencin baya, ga iyayen tsohon mijinta, ga maza baƙi cike da ɗaki. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yarinyar, ai ga ta nan." Wasu suka yi dariya.

"Kina son riƙe ta ko ba kya so? Jama'a na jira."

Da ya ɗago ya dube ta sau ɗaya, da ya gane kunya ce, ba ƙiyayya ba. Da ya tambayi yarinyar wa ke yi mata wanka, da magana ta ƙare. Bai yi ko ɗaya ba, kuma abin takaicin ba mugunta ba ce, sauri kawai yake yi. Asta kuwa tsoro ya gama cinye ta, sai karatun Ladi ya faɗo mata.

"Duk yadda kuka gani, Allah ya gafarta malam."

"To, ta amince," in ji alƙali. "A ba uba."

Magatakarda ya riga ya kira ƙara ta gaba kafin ta gane abin da ya faru. Ta waiga ta ga Abdulrasheed riƙe da hannun yarinyar, sun kai bakin ƙofa. Nan kunya ta sake ta, ta ɗaga murya ta yi kira:

"Ikhlas."

"Malama, yi mana shiru, an wuce naku," in ji ɗan sanda.

Yarinyar ta ji. Ta tsaya ta juyo, tana bin fuskokin matan da ke zaune ɗaya bayan ɗaya, tana neman wadda ta kira ta. Ba ta dubi wajen uwarta ba.