Akwatin da Baba Ya Mayar

A shekarar da aka yanke sabis a Zamfara na gama haɗa cibiyar kwamfutata a Talata Mafara. Masu duba cibiyoyin jarrabawa za su zo ranar Laraba. In ban ci wannan duban ba, ɗalibaina sai dai su nemi wani gari.

Abu ɗaya ya rage, kunna lasisin suwic, wato akwatin nan da ke haɗa kwamfutoci da juna. In babu intanet, akwatin ne zai fitar maka da wata doguwar lamba, ka kai ta inda ake da sabis, kamfani ya ba ka amsarta, ka dawo ka shigar. Amsar kuma ta wannan akwatin ce kaɗai, kamar makulli da kwaɗonsa.

Sai na bi hanyar Sakkwato raina a hannu saboda 'yan bindiga. Tun daga Tureta babu mai tari a motar, kowa bakinsa na motsi da addu'a. Na samo amsar, na dawo ranar Talata da azahar, ko gida ban leƙa ba na wuce cibiya.

Na shigar da lambar, akwati ya ƙi. Na sake a hankali, harafi bayan harafi, ya ƙi. Na juya shi don in duba lambar jikinsa, sai na ga wani dogon karce a gefe. Wannan na Jibo ne, abokina na Maradun, wanda na ara na yi gwaji kafin nawa ya iso. Iri ɗaya ne sak, amma tsoho.

Mahaifina, Malam Gidaɗo, shi na bar wa makullin cibiyar. Na ɗauko akwatin na nufi gida, na same shi a zaure yana gyaran alƙalami.

"Baba, ina sabon akwatin?"

"Jibo ya zo jiya karɓar nashi," in ji shi hankali kwance. "Nid duba nig ga kun karce mai kaya. Gidanga ba a maida kayan aro da tabo, Fa'izu. Nib ba shi sabon, nis sa yaran cibiyarka sunka jona wanga. Ai duk ɗaya na."

Mutumin da bai taɓa taɓa min ko waya ba, ranar da zai taɓa, sai ya ɗauki wanda na sayar da raina a kansa. Kuma wannan karcen, da shi Jibo ya kawo min akwatin.

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na faɗa masa hanyar da na bi, da abin da ke jirana gobe, da cewa sabon yana Maradun, hanyar da direbobi suka daina bi. Ya ajiye alƙalamin, yana kallona baki buɗe.

"Ashe dai ba ɗaya na ba," ya ce a hankali.

Na bar akwatin a zaure na koma cibiya na zauna, haushi ya hana ni tunani. Bayan la'asar na dawo don in ba shi haƙuri, na tarar babu mashin ɗina a zaure. Inna na tsaye bakin ƙofa da buta a hannu.

"Ya ɗauki tsohon akwatin yat tahi Maradun," ta ce. "Ya ce kai ka yi taka tahiyar, wagga tashi ta."